Wasan da Kamfani Bai Haifa Ba: Sharhi kan "FIFA 25" ta Wayoyin Tawa

Ranar da na sauka Tawa hutun da ya wuce, ko jakata ban aje ba na iske ƙanena da abokansa huɗu a ƙofar gida, nan Geben Zogi, shayi na ta tafasa babu mai kula shi, kowa ya kifa kai bisa waya. Sai da na yi sallama sau biyu kafin wani ya amsa. Na tambayi abin da ya ɗauke musu hankali haka, ƙanen nawa ya ce, ko ɗagowa bai yi ba: "FIFA 25 ce, Yaya, sabuwa hul, jiya anka turo muna ita." Ni kuwa da ɗan karatuna na ce masa ai babu wasa mai wannan suna a duniya. Kamfanin EA da hukumar FIFA sun raba gari, FIFA 23 ce ta ƙarshe da suka yi tare, tun 2023 wasan ya koma EA Sports FC. Yaro ya dube ni sheƙeƙe ya ce: "To wagga da nika bugawa, aljannu sunka yi ta?"

Ban sami abin ce masa ba a lokacin. Na karɓi wasan a wayata, na yi sati uku ina buga shi, ina tona cikinsa, kuma abin da na gani shi nake so in kawo muku, ƴan uwa, kamar yadda muka saba yi wa littafi ko fim a wannan ɗan kundi namu. Na san wasu za su ce me ya haɗa sharhin adabi da wasan yara. Ku ɗan yi mini haƙuri.

Abin da ke cikin wayar hawa uku ne. Na ƙasa wata manhaja ce mai suna PPSSPP, wadda wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar kyauta a watan Nuwamba na 2012. Aikinta ɗaya: ta sa waya ta riƙa yi kamar ita ce PSP, ƴar na'urar wasa ta hannu da Sony ta fitar a Japan a Disamba 2004, ta kuma daina fitarwa a 2014. Duk umurnin da wasa ya ba tsohuwar na'urar, manhajar ce ke karɓa ta fassara wa waya da yaren da take ji. Tafinta ce ke nan tsakanin matacciyar na'ura da rayayya. Ni na sa mata suna makwaikwayiya. Yaran fada kuwa "pe-es-pe" kawai suke cewa, su wuce. Hawa na biyu shi ne PES 2014 na kamfanin Konami, wanda ya fito a 2013, wasan ƙwallo na ƙarshe da Konami ta yi wa PSP. Hawa na uku shi ne faci. Kalmar nan da masu gyaran taya suka aro daga Ingilishi ita ce dai ainihin kalmar da masu wannan sana'a ke amfani da ita, kuma ta dace: wasu samari da ba mu san fuskarsu ba, da yawansu a Indonesiya da Latin Amurka, suna ɗaukar tsohon wasan su lilliƙa masa sababbin riguna, sababbin fuskoki, sababbin sunaye, su canza hoton buɗewa, su rubuta 25 a kai. Suna na EA, gangar jiki ta Konami, na'ura ta Sony, waya Tecno ko Itel daga Sin, mai bugawa ɗan Adar. Cikin kamfanonin nan babu wanda ya taɓa fitar da wannan wasa, amma a unguwarmu ban ga wanda aka fi bugawa kamarsa ba.

In fara da abin yabo, don akwai shi. Masu facin ba su barci. Mbappé ya koma Real Madrid a 2024, yana can cikin farar riga. Osimhen na Galatasaray, Ronaldo na Al-Nassr, Messi na Inter Miami da rigarsa ruwan hoda. Fuskokin manyan ƴan wasa sun fito har ka rantse hoto ne, an ja kyamara baya an faɗaɗa fili don ya yi kama da na manyan na'urori na yanzu. Sai an taɓa ƙwallo asiri ke tonuwa: gudu da juyi da faɗuwa duk na shekara goma sha biyu baya ne, ɗan wasa na juyawa kamar an ɗaura masa kara a baya. Tsoho ne aka sa wa kayan angonci. Amma tsohon ya iya rawa, gaskiya. Ƙwallon na da nauyi a ƙafa, ba a cin gida a banza, kuma wanda ya iya ba da ƙwallo ya fi wanda ya iya danna gudu kawai. Abin da ya fi wannan duka, wasan ba ya neman intanet. eFootball na gaskiya da Konami ke bayarwa a waya sai da layi mai ƙarfi da waya mai tsada. Wanga kuwa ɗan Barmu ko ɗan Afala, inda sai ka hau tudu kake samun layi, zai karɓe shi ta Xender wajen mai turi ranar kasuwa, ya kwance ƙullinsa da ZArchiver, ya haɗa wayarsa da ta abokinsa su kara har batir ya mutu, ko dala ba su ƙona ba.

Aibinsa na fari a kunne yake. An yanko muryar Peter Drury, mai sharhin nan na Ingila, daga wasu wasanni an dasa a nan, dashen kuwa bai kama ko'ina ba. Sai ka ji yana kururuwa kamar an ci kofin duniya alhali ƙwallo ya fita jifa ne, ko kuwa a zura ƙwallo mai kyau ya yi tsit don ba a yanko sunan wanda ya ci ba. Allunan talla na gefen fili duk sunan tashar YouTube ta mai facin ne. Kuma na lura kowane mai faci sai ya goge sunan wanda ya gabace shi ya sa nasa, har ba ka iya sanin wa ya zana fuskar nan, wa ya ɗinka rigar can. Malamanmu na zaure ko ƙaramin littafi suka kwafa da hannu sukan rubuta sunan mai shi da na wanda ya kwafa. Nan babu wannan ladabi.

Amma abin da ya tsayar da ni, ni ɗalibin harshe, wani ne daban. Da na sa wasan a wayata karon farko, allo ya yi baƙi ƙirin, babu motsi. Ƙanena ya karɓa yana dariya: "Ba ka sa mata Español ba." Ya shiga saitin makwaikwayiyar, ya sauya harshe daga Faransanci zuwa Sifaniyanci, wasa ya buɗe. Haka ƙa'idar take ga da yawa daga cikin waɗannan faci, domin kwafen da aka gina su a kai na masu jin Sifaniyanci ne, in ya nemi harshensa bai samu ba sai ya ƙi tashi. Ku duba wannan al'amari da kyau. Yaro Ba'adare, wanda ya sha Hausa a nono, aka koya masa Faransanci a lakwal da bulala, ya yi Larabci a makarantar allo, sai ga shi dole ya gaya wa wayarsa cewa shi Basifaniye ne kafin a bar shi ya buga ƙwallo. Kuma ya koya! Ya san guardar shi ne adanawa, salir shi ne fita, ya san Liga Máster, wadda ita ce ma ta tona mini cewa PES ce a ƙarƙashin rigar FIFA, don wannan gasa ta Konami ce. Bai taɓa ganin ƙamus na Sifaniyanci ba. Cikin jerin zaɓi guda na ƙirga harsuna uku, Sifaniyanci na asali, Ingilishin mai faci, da wata kalma da na bincika na tarar ta Indonesiya ce. Yaran ba su karanta waɗannan kalmomi, wurin zamansu suke haddacewa: na biyu daga sama, sannan na hagu. Malaminmu na nazarin ma'ana zai ce kalma ta tashi daga kalma ta koma alama, kamar tambarin da ake yi wa raƙumi.

Wannan ba yau ya fara mana ba. Ina da shekara bakwai ko takwas kawuna ya dawo daga biɗa a Abijan da wani kwali, ya ce ya kawo mana "ordinater". Allon haruffa ne fari, da linzami, da maneti biyu, da rami a sama inda ake cusa kaset ruwan ɗorawa, a jona da tele. A jikin kaset an rubuta wasanni 9999999. Da muka zauna muka bi su, ba su wuce goma sha wani abu ba, ana ta maimaita su da sabon suna da sabon launi: Mario, harbin agwagi da bindigar roba, tankokin yaƙi, Contra. Akwai wani kaset na koyon buga haruffa da Ingilishi, wanda babu wanda ya taɓa sa shi sau biyu. Sai da na girma na gane cewa cikin wannan kwali kwafe ne na Famicom, na'urar da Nintendo ta fitar a Japan a 1983, kuma ƙwaƙwalwarta daga zuriyar 6502 take, wadda aka ƙera a 1975, zuriyar da ta ba Apple II da Commodore 64 tasu ƙwaƙwalwar. Ashe abin da Turawa ke kira tsohuwar kwamfutar gida, suna tarawa suna goge mata ƙura, mu ita ce sabuwar da muka yi wa layi a tsakar gida, muna addu'ar kada kuran ya ɗauke.

Turawan nan kuwa sun ɗauki abin da gaske, kuma a nan nake so mu yi koyi kafin mu yi gori. Wani Baturen Ingila, Frank Gasking, tun 1999 yake tattara labarin wasannin Commodore 64 da aka fara ba a gama ba, ko aka gama ba a sayar ba, a wani aiki da ya kira Games That Weren't. A 2020 ya fitar da littafi a kai. Yakan bi mutanen da suka rubuta wasa suna samari, yanzu sun yi furfura, ya roƙe su su duba tsofaffin faifai a ɗakin ajiya. Wani kuma da ake sani da ZeroPaige ya shafe shekara bakwai yana mayar da Super Mario Bros. na 1985 kan Commodore 64, kwamfutar 1982 da Nintendo ba ta taɓa yi wa wannan wasa ba. Ya sake shi a Afrilu 2019, cikin ƴan kwanaki Nintendo ta aika takardun a sauke shi. Star Fox 2 an gama shi a 1995 aka danne. Kwafensa ya zurare, masoya suka fassara shi suka buga a makwaikwayiya shekara da shekaru, sai 2017 kamfanin ya fitar da shi da kansa. Abin da ya burge ni a aikinsu shi ne rubutawa. Kowane guntun wasa da sunan mai shi, da shekara, da dalilin da ya hana shi fita.

Inda na rabu da su shi ne ma'anar ɓata. A wurinsu wasan da ya ɓace shi ne wanda kamfani ya yi bai kai kanti ba, kuma abin da ke tura su nema shi ne begen ƙuruciya. Namu ɓatan wani iri ne. Ga misali daga gidanmu.

Cikin wannan "FIFA 25" akwai gasar Ingila, da ta Sifen, da ta Saudiyya da aka cusa a gurbin wata. Babu Mena. Babu Sahel, babu Olympic, babu Jangorzo ta Maraɗi, babu Akokana ta Arlit. To wasan yana da wani sashe na gyara inda kake iya sauya sunan ƙungiya da na ƴan wasa da launin riga. Bara ƙanena ya zauna, dare bayan dare, ya ɗauki wata ƙasa da babu mai zaɓarta ya mayar da ita Nijar. Ya yi riga da launin tutarmu. Ya haɗa Mena ta mafarkinsa: Musa Maazu da mai tsaron gida Kasali Dauda na zamanin da muka je gasar Afirka a 2012 da 2013, tare da Victorien Adebayor da yaran da suka kai wasan kusa da na ƙarshe a CHAN ta Aljeriya a farkon 2023. Har ya ƙara wata ƙungiya da sunan fadarsu, kowa da lambarsa. Abokansa suka karɓa, aka tura wa wani a Kalfu, wani ya tafi da ita Abalak. Sai sabon faci ya fito. Shi kuwa sabon faci da jakar ajiyarsa yake zuwa, mai suna SAVEDATA, kuma sai ka ɗora ta bisa tsohuwar kafin sababbin ƴan wasa su bayyana. Ya ɗora. Mena ta tafi. Waɗanda ya tura wa su ma kowa ya ɗora sabo. Na tambaye shi bai ji zafi ba? Ya ce: "Yo mi za a yi, Yaya? Mbappé fa ya canza ekip."

Wannan ita ce manhajar Tawa da ba a fitar ba, kuma babu wani Gasking da zai zo nemanta. Aikin wata biyu na yaro ɗan shekara goma sha shida, wanda shi kansa bai ɗauke shi aiki ba.

Ko da ta rayu ma, da tabo za ta rayu. Allon rubutu na sashen gyaran yana da é da ñ da ç, amma babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, haruffan da dokar rubutun Hausa ta 1999 ta tabbatar mana a nan Nijar. Sunan wasan kansa, ƙwallon ƙafa, ba ya rubutuwa a ciki: ƙafa sai ta koma kafa. Wanda ya so ya sa wa ƙungiyarsa Baƙin Dutse sai ya ga Bakin Dutse, ma'ana ta tashi daga launi ta koma wuri. Ɗan Abalak da zai so Tifinar kuwa, kada ma ya fara. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. Mun yi ta muhawara a kai a jami'a, wasu na murna wasu na tsoron a danne sauran harsuna. Duk muhawarar kan makaranta da ofis ta tsaya. Ban ji wanda ya tambayi da wane harshe yaro ke yin awa ukun da yake yi kullum bayan isha'i ba.

Kada a ce mini abin ya fi ƙarfin talaka. A Brazil, a wani gari mai suna Mogi Mirim, wani mai shagon wasa, Allan Jefferson, ya fara yi wa wasan ƙwallon Konami na PlayStation 2 faci wajen 2007 don abokan cinikinsa su buga da ƙungiyoyin ƙasarsu. Bomba Patch ke nan, wanda har yau ake sabuntawa, da muryoyin masu sharhi na Brazil a ciki. Mai shago ne kamar masu shagon "play" na Sabon Gari da Wadata. Larabawa kuma tun shekarun 1980 kamfanin Al-Alamiah na Kuwait, na Muhammad Al-Sharikh, ya ɗauki kwamfutar gida ta MSX ya sa mata haruffan Larabci da rubutu daga dama zuwa hagu, ya kira ta Sakhr, a zamanin da ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta kai nauyin hoto guda na wayarka ba. Mu haruffa huɗu kacal muke nema. Muryoyi kuwa muna da su: duk wanda ya taɓa sauraron kokawa a rediyo, tun gasar takobi ta farko da aka yi a nan Tawa a 1975 ake gadon wannan baki, ya san Drury ba zai nuna wa mai sharhin Hausa zuga ba.

Wani abokina a wannan ƙungiya ya ce mini duk abin nan sata ce, in daina yi mata ado. Ba zan ce ƙarya yake ba. Ita makwaikwayiya halal ce, mai ita ya bayar kyauta, har wata kotun Amurka a 2000, a shari'ar Sony da Connectix, ta ƙi hana irin wannan aiki. Wasan da ke ciki kuwa dukiyar Konami ce, ba a biya ta ba. Sai dai ni tunda nake ban taɓa ganin kantin da ke sayar da faifan PSP na asali a Tawa ba, kuma fuskar da yaron Indonesiya ya zana da Menar da ƙanena ya gina ba Konami ta yi su ba. Wanda ya yi wa gidan haya daɓe, gidan ba nasa ba ne, amma guminsa ne a ƙasa.

Ni ma ina da nawa laifin. Rubutun da ke jikin PPSSPP, ba na wasan ba, na ita manhajar, yana cikin wani fayil na rubutu zalla da kowa ke iya buɗewa ya fassara. Na duba jerin harsunan da ke ciki: ga Larabci, ga Farisanci, ga harshen Jawa na Indonesiya, ban ga Hausa ba. Na fara fassarawa a Yamai da ƙamus a gefe, ina ƙirƙiro kalmomi masu tsawo da ni kaina ba zan faɗa a fada ba. Da na zo gida na tarar yaran sun riga ni. In wasa ya tsaya cak, "ya daskare". In yana tafiya da ƙyar, "yana ɗingishi". Buɗe fayil da aka matse, "kwance ƙulli". Akwai wata dabara ta makwaikwayiya da ke ba ka damar tsayar da wasa a kowane daƙiƙa, ko ƙwallo na sama, ka dawo gobe ka ci gaba daga nan. Na kwana biyu ina neman sunanta, ashe su "ɗaure akuya" suke ce mata. Na goge rabin abin da na rubuta na sa nasu. Fayil ɗin na nan a wayata, ban gama ba, ban aika wa kowa ba, wata na biyar ke nan.

Kafin in koma Yamai na sayi memwar ƴar ƙarama ta jika biyu na ba ƙanena, na ce ya sake gina Mena, in ya gama ya kwafe jakar a ciki, ya rubuta sunansa da kwanan wata a takarda ya naɗe su tare, kada ya sa ta a waya. Ya ce sai in na biya shi kuɗin shayi. Shekaranjiya ya aiko mini da hoton allo: ya kai ƴan wasa tara, ya ba Maazu 99 a gudu. Na ce ya rage, ko a Bordeaux bai kai haka ba. Ya ce in na ga dama in gina tawa.